Motsin tsirrai idan an taɓa su

Motsin tsirrai shi ne yadda ganye, saiwa ko reshe ke canza wuri saboda taɓi, haske, duhu ko ƙarfin jan ƙasa. Tsiro dai ba shi da tsoka, to da abu biyu yake motsi, ko da ruwan cikin jikinsa ko da girma.

Na ruwa shi ne mai sauri. Duk wanda ya bi bakin kogin Gongola ko wajajen Dadin Kowa zai ga ƙaidaji, ƙayar nan da ganyenta ke naɗewa in ka taɓa, amma 'yar uwarta Mimosa pudica, wadda asalinta daga Amurka ta Kudu da ta Tsakiya ne, ta fi ta sauri sosai. A gindin kowane ganye akwai wani ɗan kumburi cike da ruwa, da an taɓa sai saƙon lantarki ya bi jikin tsiron, sinadarin fotashiyam ya fice daga ƙwayoyin gefe ɗaya, ruwa ya bi shi, gefen ya saki, ganye ya kwanta. Bayan wasu mintoci ruwan ya koma ganyen ya buɗe kamar ba a yi komai ba. Irin wannan kumburin ne ke sa ganyen gyaɗa da na tsamiya rufewa da daddare, kuma tun 1729 wani Bafaranshe de Mairan ya ajiye Mimosa cikin duhu ya ga har yanzu tana buɗewa da rufewa kan lokaci, wato agogon a jikinta yake.

Na girma kuwa a hankali yake tafiya kuma ba ya komawa. Zaren soso ko na duma in ya taɓa kara, gefen waje sai ya fi na ciki tsawo, shi ya sa yake nannaɗe darni. Haske ma haka, sinadarin oksin, mai sa tsiro girma, na taruwa a gefen inuwa ya ƙara masa tsawo sai tsiron ya karkata wajen rana, masanin kimiyya Charles Darwin da ɗansa Francis sun nuna a 1880 cewa kan tsiron ne ke jin hasken.

Gyaɗa ce abin mamaki a nan gaskiya, furenta a sama yake amma bayan ya bushe sai wani tsinke ya fito ya bi ƙarfin jan ƙasa ya nutse cikin ƙasa, can kwanson ke nuna, shi ya sa manomi ba ya son ƙasa mai tauri a gindinta.