Dafa ganyen shayi

Koren shayi da baƙi duka daga tsiro ɗaya ake samun su, wato Camellia sinensis. Amma ɗanɗano da ƙamshin da ke isa ga mai sha sun dogara ne da zafin ruwa, da daɗewar ganye a cikinsa, da yawan ganyen da aka zuba.

Sinadaran da ke cikin ganyen ba sa narkewa lokaci guda. Tiyanin, mai ba shayi garɗi, yana fita ko da ruwan ɗumi ne. Katekin masu kawo bauri da kafeyin mai ɗaci kuwa, yawancinsu sai ruwa ya yi zafi sosai suke fita. Shi ya sa ake tsima koren shayi a ruwa mai zafin digiri 70 zuwa 80 na minti 2 ko 3, har ma gyokuro, wani nau'in koren shayi na Japan, akan sauko da shi zuwa digiri 50 ko 60. Baƙin shayi, da yake tun a masana'anta aka bar ganyensa ya sha iska ya yi duhu, yana jure tafasasshen ruwa na minti 3 zuwa 5. Shi ƙamshi tururi yake bi, don haka butar da aka bari a buɗe tana ta tafasa, ɗaki ne ke shan ƙamshinta.

A yankin Chaozhou da lardin Fujian na ƙasar Sin akwai salon gongfu: ganye mai yawa a ƙaramar buta, ruwa kaɗan, a tsiyaye bayan 'yan daƙiƙoƙi. Ganye ɗaya kan ba da zubi da dama, kowanne da nasa ƙamshin, domin a hankali ganyen ke warwarewa.

Buzaye da sauran mashaya shayi a Nijar da arewacin Najeriya sun bi wata hanya dabam. Koren shayin Sin suke tafasawa a kan gawayi har ya yi kauri, abin da masanin shayi na Japan zai kira ɓarna. Sai dai an san abin da ake nema a nan: ƙarfi. Sukari mai yawa ke danne ɗacin, na'ana'a ta maye gurbin ƙamshin da wuta ta kora, kuma shiƙa shi daga sama tsakanin buta da kofi yana gauraya sukarin, ya rage zafi, ya ta da kumfa. Zubin farko ya fi ɗaci, na uku ya fi sauƙi da zaƙi, saboda ganyen ya riga ya saki yawancin abin da ke cikinsa.

Ruwan ma yana da tasiri. Mai yawan kalsiyam yakan dushe launin shayi, ya bar yana-yana a samansa. Don kwatanta ganye da ganye, masu ɗanɗana shayi na bin ƙa'idar ƙasa da ƙasa ta ISO 3103, wadda aka fara fitarwa a 1980: ga baƙin shayi, giram 2 na ganye a mililita 100 na tafasasshen ruwa, na tsawon minti 6.