Kafin Ta Iso Ɗakin Haihuwa

Zubar jini bayan haihuwa na iya kashe lafiyayyar mace cikin awa biyu. Wannan ɗan lokacin bai isa a nemo mai makullin sito ba, balle a tura miji kyamis tsakar dare. Shi ya sa nake roƙon 'yan uwana ma'aikata, musamman mu na ƙananan asibitocin karkara: duk wadda ta karɓi aiki, ta fara duba akwatin gaggawa kafin ta zauna.

Ki ɗauki allurar oksitosin, wadda ke sa mahaifa ta tsuke jini ya tsaya, ki tambayi kanki inda ta kwana. Sanyin firij take buƙata. Idan ta yi makonni a aljihun tebur cikin zafin Afrilu, ƙarfinta ya ragu, ki yi wa mace ita jini ya ci gaba da kwarara kina mamaki. Inda babu tabbacin wuta, a ajiye ƙwayar misoprostol kusa, domin ita ma tana tsuke mahaifa kuma ba ta buƙatar firij.

Abin da ya fi damuna shi ne ƙiyasta jini da ido. Zani yana shanyewa, tsumma yana shanyewa, sai mu ce "kaɗan ne" har mace ta fara ganin jiri. A 2023 aka fitar da sakamakon binciken E-MOTIVE, wanda aka yi a asibitoci 80 a Najeriya, Kenya, Tanzaniya da Afirka ta Kudu. Farfesa Hadiza Galadanci ta Jami'ar Bayero ce ta jagoranci ɓangaren Najeriya. Dabarar mai sauƙi ce. Ana shimfiɗa leda mai ma'auni a ƙarƙashin mai jego, da jini ya kai rabin lita sai a haɗa komai lokaci guda: murza mahaifa, oksitosin, allurar tranexamic acid mai rage zubar jini, ƙarin ruwa, da duba ko akwai yagewa. Ba a jiran ɗaya ya gaza kafin a gwada na gaba. Mummunar zubar jini da abin da take jawowa sun ragu da kusan kashi 60 cikin 100.

Sai jijjigar da ke kama mai ciki ko mai jego. Na sha ganin ma'aikaciya tana da magnesium sulphate, allurar tsayar da jijjiga, a hannu amma tsoro ya hana ta yi, ta rubuta takardar turawa kawai. 'Yar uwa, kwantar da mai jijjigar a gefen hagu, ki yi mata kashin farko na allurar, sannan ta hau mota. Idan lissafin ya shige miki, rubuta shi da manyan baƙaƙe ki manna a bango, kuma ku riƙa gwadawa tsakaninku ranar da babu cunkoso.

Lambar direba ma kayan aiki ce. A wasu jihohi, 'yan ƙungiyar direbobin haya ta NURTW suna ɗaukar masu naƙuda cikin gaggawa. Ki san na garinku da suna. Kira babban asibiti tun motar ba ta tashi ba, ki kuma ce wa maigida ya tafi da mutum biyu da za su iya ba da jini.