Wai mutanen dā ba su iya zane ba ne? Tambayoyi kan tarihin zane da sassaƙa

Me ya sa in an ga zanen mutanen dā sai a ga mutum a karkace, rashin iyawa ne?

Sun iya mana. Ɗauki Masar ta zamanin Fir'aunoni, duk wanda ya taɓa ganin hoton bangon kaburburansu ya san yanda mutum yake fitowa, kai ya juya gefe amma ido yana kallonka gaba da gaba, kafaɗu a buɗe suna fuskantarka, ƙafafu kuma sun koma gefe suna tafiya, wallahi in ka ce za ka gwada tsayuwar nan sai ka gurɗe. To da gangan suke yi. Kowace gaɓa suna ɗaukarta ta inda aka fi gane ta ne, hanci daga gefe, ido daga gaba, ƙafa daga gefe, sabida a imaninsu zanen nan zai yi wa mamacin aiki a can inda ya tafi, kaga kuwa ba a so wata gaɓa ta ɓuya.

Kuma abun a ƙa'ide yake. Kafin a fara sai a tsoma zare cikin jan fenti a ɗaure shi a jikin bango a ja a saki, ya bar layi, a yi ta yi har bangon ya fito gida-gida kamar na dara, mutum a tsaye gida 18 ne daga tafin ƙafa zuwa inda gashin goshi ya fara, gwiwa a layi na 6, inda wuya ya haɗu da kafaɗa a na 16. Akwai kaburburan da ba a ƙarasa aikinsu ba, har yau layukan suna nan ana gani. Girman mutum a bango kuma muƙaminsa ne, Fir'auna ƙato, barori ƴan mitsi-mitsi. Tun zamanin sarki Narmer wajen shekara ta 3100 kafin haihuwar Annabi Isa suke wannan salon, kuma suka riƙe shi kusan shekara 3000.

Mai shakka ya nemi hoton kan sarauniya Nefertiti, wanda Jamusawa suka tono a Amarna a 1912 a wajen aikin wani masassaƙi Thutmose. Dubi dogon wuyan da ƙashin kumatun kawai. Yana Berlin yanzu, Masar ta daɗe tana cewa a dawo mata da kayanta.

To su wa suka fara nacewa sai abu ya yi kama da mutum sak?

Girkawa ake ba wannan kambun, amma su ma a wajen Masarawa suka fara kwafa. Gumakansu na wajen shekara ta 600 kafin miladiyya a sandare suke, hannu a manne da cinya, ƙafar hagu a gaba. Sai wajen 480 aka samu wani sauyi ɗan ƙarami da ya juya komai, masassaƙa suka lura cewa mai rai ba ya tsayuwa da nauyi ɗaya a ƙafa biyu, yakan jingina a ɗaya ne, ƙugu ya ɗan karkata, ɗaya gwiwar ta saki. Daga nan dutse ya fara kama da mai numfashi.

Abu biyu da ba a cika faɗa ba. Fararen gumakan nan da ake gani a gidajen tarihi dā fenti ne a jikinsu rangaɗau, ja da shuɗi, zamani ne ya wanke. Sannan da yawansu ma kwafi ne da Rumawa sukai da dutsen mabul, na asalin da tagulla akai su, an narkar da su tuntuni.

Mu fa a nan, akwai abunda za a sa a wannan layin?

Akwai, kuma a jihar Kaduna ma. Nok wani ƙauye ne a ƙaramar hukumar Jaba, a 1928 masu haƙar kuza suka ci karo da wani ɗan kai na gasasshen yumɓu a wajen, ba wanda ya ɗauke shi da muhimmanci. Sai a 1943 aka kai wa wani Bature Bernard Fagg wani kan a Jos, wanda aka samo a yankin Jama'a, shi ma wai wani ma'aikacin kuza ne ya kafa shi a gonar doya yana tsorata tsuntsaye, tab! Fagg ya haɗa biyun ya ga ai hannu iri ɗaya ne, ya shiga bin ramukan kuza yana tarawa, kuma shi ne ya tsaya aka buɗe gidan tarihi na Jos a 1952.

Daga 2005 masu bincike na jami'ar Goethe da ke Frankfurt ƙarƙashin Peter Breunig suka yi shekaru suna tono tare da ƴan Najeriya, lissafinsu ya nuna mutanen nan sun fara zama a yankin tun wajen 1500 kafin miladiyya, mutum-mutumin kuma wajen 900. Manoman gero da wake ne, daga baya suka iya narka ƙarfe, an samu matoyarsu a Taruga, an ma gano ragowar kakin zuma a jikin tukwanensu.

In ka ƙura wa kan Nok ido abunda zai fara kama ka idon ne, kusurwa uku ko rabin da'ira, an huda ƙwayar har ciki, an huda hanci da kunne da baki, kuma ana ganin hujin nan ya taimaka wajen gashi don zafi ya samu hanyar fita kar abun ya fashe. Cikinsu fayau ne, ginin tukunya akai musu, a murza yumɓu a ɗora a murza a ɗora. Kan ya fi ƙarfin jikin nesa ba kusa ba, amma kitson da tsakiyoyin wuya da na hannu an bi su ɗaya bayan ɗaya, wanda ya iya fitar da kitso haka ai ba auna kai ne zai gagare shi ba, kan ne abun girmamawa a wajensu shi ya sa. Kusan duk a fashe ake samunsu, masu binciken suna ganin da gangan aka fasa aka binne. Abun takaicin shi ne a shekarun 1990 ƴan haƙar sata sun yi wa yankin kaca-kaca, kayan suka ƙare a hannun dillalai a Turai, kuma da zarar an zare abu daga ramin da yake ba a rubuta komai ba to rabin labarinsa ya tafi kenan.

Ance wai Turawa sun ƙi yarda baƙar fata ne sukai kawunan Ife?

An yi haka. Leo Frobenius, Bajamushe, ya je Ile-Ife a 1910 ya ga wani kai na ƙarfe, kyansa ya ruɗa shi har ya ce wannan sai dai ragowar mutanen Atlantis, ƙasar nan ta tatsuniyar Girkawa da ruwa ya cinye. A 1938 ana haƙa harsashin gida a unguwar Wunmonije aka sake tono wasu kawunan fiye da goma, na tagulla da jan ƙarfe, fuska sak ta mutum harda tsaga siri-siri daga goshi zuwa haɓa. Yarbawa ne sukai abunsu tsakanin ƙarni na 12 da na 15. Yanda ake yi, a gina kan da yumɓu, a shafe shi da kakin zuma a fitar da fuskar a jikin kakin, a sake rufewa da yumɓu, a gasa kakin ya narke ya zube, sai a ɗura narkakken ƙarfe a gurbinsa, in ya huce a fasa. Dama ɗaya ce tak, in ya ɓaci sai a koma farko.

Renaissance da ake ta ambata, me ya faru a lokacin?

Kalmar tana nufin farfaɗowa, a Italiya akai, musamman birnin Florence, daga wajen 1400. Kuɗi sun taru a hannun ƴan kasuwa da masu banki irin gidan Medici, su da coci suna ba masu zane kwangila, masu zanen kuma suka koma tono ayyukan Girkawa da Rumawa. Babban abunda suka ƙara shi ne lissafin nisa da kusa, wato yanda in ka tsaya a kan doguwar hanya kake ganin gefe biyun suna matsewa har su haɗe a wuri ɗaya, Brunelleschi ne ya nuna yanda za a auna shi, Masaccio ya zana shi a bangon cocin Santa Maria Novella wajen 1427, mutane suka ga kamar an fafe bangon. Ilimin gani da suka dogara da shi kuwa akwai hannun Ibn al-Haytham a ciki, malamin Basra da ya zauna a Alkahira, an fassara aikinsa zuwa Latin tun wajen 1200.

Leonardo da Vinci har gawa yake feɗewa don ya ga yanda tsoka take. Michelangelo ya kwashe 1508 zuwa 1512 a saman katako yana zana rufin cocin Sistine a fadar Fafaroma. Mona Lisa kam, hoton matar nan da Leonardo ya zana, inaga an cika zuzuta ta, sunan da tayi a duniya harda taimakon sace ta da akai daga gidan tarihi na Louvre a Paris a 1911, jaridu sukai ta yayatawa har aka gano ta a 1913.

Bayan duk wannan wahalar, me ya sa suka koma zanen da ba a gane kansa?

Kyamara ce ta shigo musu a 1839, abunda mai zane zai yi wata yana yi na'ura ta gama nan take. Sai kuma a 1841 aka ƙirƙiro fenti a cikin ɗan bututun matsawa, mutum zai iya ɗaukar kayansa ya fita bakin kogi. Su Monet da Renoir da Degas da Berthe Morisot suka shirya nunin kansu a Paris a 1874, su ake kira Impressionists, abunda suke bi shi ne haske, yanda yake canzawa kafin ka kifta, shi ya sa suke dangwala fenti da sauri ba sa gogewa. Wani ɗan jarida ya yi musu ba'a cewa takardar liƙa bango ma ta fi wannan kammaluwa. Monet bai kula ba, ya zana babban cocin Rouen kusan sau 30, da safe daban, da rana daban, da yamma daban.

Picasso fa, mai zanen nan ɗan Spain, ance yaro ma zai iya irin nasa.

A nemi abunda ya zana yana ɗan shekara 15, likita a bakin gadon mara lafiya, a ga ko yaron unguwa zai iya. Babansa malamin zane ne, ya gama da wancan babin tun yana saurayi. A 1907 ya shiga gidan tarihi na Trocadéro a Paris ya ga fuskokin katako da gumakan da ƴan mulkin mallaka suka kwaso daga Afirka da tsibiran Pasifik, a shekarar ya gama wani babban zane na mata biyar, biyu na hannun dama fuskarsu ta koma irin ta katakon nan. Daga nan shi da Georges Braque suka ɓullo da Cubism, a farfasa abu a nuna shi ta gaba da gefe a lokaci ɗaya, wanda in ka duba da kyau Masarawa sun riga su da shekaru dubbai. Da wannan salon ya zana Guernica a 1937 bayan jiragen Jamus da Italiya sun yi wa garin Spain mai wannan sunan ruwan bama-bamai, tsawonsa ya kusa mita 8, ba launi sai baƙi da fari da toka, doki na kururuwa, uwa riƙe da gawar ɗanta.

Abunda yake min ciwo a nan shi ne kowa ya san sunan Picasso, masassaƙan Gabon da Kongo da aka tara aikinsu a Paris kuwa ba wanda ya damu ya rubuta sunansu, shi ma daga baya akwai lokutan da ya riƙa nuna kamar bai ɗauki komai daga Afirka ba.

Masu zanen Najeriya na zamani wanne suka bi a ciki?

A Zariya aka yi wannan muhawarar. A 1958 wasu ɗalibai a kwalejin da daga baya ta zama jami'ar Ahmadu Bello, cikinsu akwai Uche Okeke da Demas Nwoko da Bruce Onobrakpeya da Yusuf Grillo, suka kafa ƙungiya suka ce sun gaji da darasin Ingila zalla, za su riƙe kayan aikin Bature amma kowa ya koma gida ya nemo salon kakanninsa. Okeke ya ɗauko uli, zanen da matan Ibo ke yi a jiki da bango, Nwoko kuma a shekarun 1960 ya koma gasa mutum-mutumin yumɓu yana kallon na Nok.