Kaurin ruwa da tsawon sarƙar polima: tambayoyi da amsoshi

Ɗaliban kimiyyar sinadarai a nan Jos suna yawan kawo min waɗannan tambayoyi, ɗaya daga ciki kuma ta fito ne daga wani mai sana'ar niƙa tsofaffin gorunan roba. Darasi ne da ake yawan haddace shi ba tare da an gane shi ba, shi ya sa na ga ya dace a warware shi da Hausa.

Malam, me ya haɗa kaurin ruwa da nauyin ƙwayar polima?

Polima sinadari ne da ƙwayarsa take doguwar sarƙa, ƙaramin guntu ɗaya yana ta maimaita kansa. Ledar ruwan sha polietilin ce, kowane guntu nata nauyinsa 28 ne a ma'aunin ƙwayoyi. Sarƙa mai guntaye 10,000 ke nan ta kai 280,000, alhali ƙwayar ruwa 18 ce kacal. Sitacin rogo, ƙaro da yauƙin kuɓewa duk polima ne.

Idan aka narkar da ita, sarƙar ba ta miƙewa samɓal. Dunƙulewa take yi sako-sako, kamar zaren da aka warware aka tattara a tafin hannu, ruwa ya cika duk wani gurbi da ke tsakani. Dunƙulen yana tafiya ne da ruwan da ya riƙe, saboda haka yana tare wuri fiye da yadda nauyinsa zai sa ka zata, sauran ruwan kuma dole ya kewaye shi kafin ya wuce. Sarƙa ta ƙara tsawo, dunƙule ya ƙara girma, ruwa ya ƙara kauri. Ka riƙe wannan da kyau: girman wurin da sarƙa ta tare shi kauri yake aunawa, nauyi kuwa daga baya ake lissafo shi.

Wa ya fara gano haka?

Bajamushe Hermann Staudinger. A 1920 ya ce roba da danginta dogayen ƙwayoyi ne na gaske, a lokacin da abokan aikinsa da dama suke ganin tarin ƙananan ƙwayoyi ne da suka manne da juna. A 1930 ya kawo ƙa'idar cewa kauri yana ƙaruwa daidai wa daida da nauyi. Ƙa'idar ba ta cika daidai ba, amma ita ta buɗe hanya, kuma ya samu kyautar Nobel a 1953. Herman Mark da Roelof Houwink, da Ichiro Sakurada na Japan, su suka gyara ta ta zama wadda ake aiki da ita yau:

[η] = K × M^a

M shi ne nauyin ƙwaya, K da a kuma lambobi ne da ake samowa ta gwaji. [η] shi ne kaurin asali, wato gudummawar da sarƙoƙin suke bayarwa idan kowace tana zaman kanta, ba ta taɓa 'yar'uwarta.

To wannan ƙaramin "a" da ke sama fa, me yake faɗa mana?

Nan ne daɗin darasin yake. Wannan lamba tana ba ka labarin siffar sarƙar a cikin ruwan. Idan ruwan narkarwar ya dace da polimar sosai, dunƙulen yakan buɗe ya kumbura, sai a ya kai wajen 0.7 zuwa 0.8. Idan kuma ruwan bai cika sonta ba, har jan da sassan sarƙar suke wa juna ya soke kumburin, a yakan sauko 0.5. Wannan shi ne yanayin tita da Paul Flory ya yi bayaninsa. Sarƙa mai tauri wadda ba ta lanƙwasuwa tana iya wuce 1, har ta doshi 2. Dunƙule mai ƙarfi wanda ruwa ba ya ratsa shi kuwa a ɗinsa sifili ne, wato ko yaya nauyinsa ya ƙaru, kaurin asali bai san an yi ba.

Ɗauki polistirin, farar robar nan mara nauyi da ake samu cikin kwalin sabuwar talabijin. A cikin sinadarin saiklohekzen mai zafin digiri 34.5, a ɗinta 0.5 ne. A cikin toluwin ya haura 0.7. Roba ɗaya, nauyi ɗaya, kauri biyu. Saboda haka K da a na wata polima ne a wani ruwa a wani zafi, kuma duk wanda ya kwafo su daga littafi bai duba waɗannan uku ba, amsarsa ba abin dogaro ba ce ko da lissafinsa ya fita tsaf.

Ka kuma lura cewa idan a yana 0.7, ninka nauyi sau biyu yana ƙara kaurin asali sau 1.6 ne kawai.

Yaya ake auna shi a ɗakin gwaji?

Da bututun gilashi na Ostwald ko na Ubbelohde, mai siririyar hanya da layi biyu. Za ka zuƙo ruwan ya haura layin sama, ka sake shi, ka danna agogo lokacin da ya taɓa layin farko, ka tsayar a na biyu. A ce ruwa zalla ya ɗauki sakan 100, wanda aka narkar da giram 0.5 cikin mililita 100 ya ɗauki sakan 130. Ƙarin kaurin 0.30 ne, wato ƙarin sakan 30 a kan 100, ka raba da 0.5 ka samu 0.60. Sai ka riƙa tsinka ruwan kana maimaitawa, ka zana jadawali, ka ja layin har inda yawan polima ya zama sifili. Inda ya tsaya nan ne [η].

Abu biyu suke ɓata wannan aiki a Jos. Na farko sanyi: kaurin ruwa yana sauka daga 1.00 a digiri 20 zuwa 0.89 a digiri 25. Wanda ya auna ruwa zalla da sanyin safiyar hunturu, ya dawo ya auna mai polima bayan azahar, yanayin gari ya auna. Dole bututun ya zauna cikin kwamin ruwa mai tsayayyen zafi. Na biyu ƙura, don ɗan tsinke ɗaya a siririyar hanyar ya isa ya ƙara maka sakanni. A tace komai, a rufe bakin bututu.

Ashe duk mai nauyi mai kauri ne ke nan?

A'a, kuma ƙaro ne shaida. Ƙaron da ake samu a Borno, Yobe da Jigawa, wanda malaman allo suke zubawa a tawada, nauyin ƙwayarsa yana kai dubban ɗaruruwa. Duk da haka za ka narkar da kashi 30 cikin ɗari a ruwa ya ci gaba da tsiyaya, alhali kashi 1 na garin guwa, wani irin wake da ake kira guar, ya isa ya sa ruwa ya yi kirtif. Dalili shi ne ƙaro rassa gare shi birjik, a cure yake, ba ya tare wuri. Wannan hali yana cikin abin da ya sa masu haɗa lemon kwalba suke nemansa.

Malam, ni gorunan ruwa nake niƙawa. Me ya sa masu saye suke cewa IV ɗin kayana ya faɗi?

Alhaji, IV ɗin nan shi ne kaurin asali da muke magana a kai. Robar gora, wato PET, tana bukatar kimanin 0.70 zuwa 0.85, ta zaren tufafi kuma ƙasa da haka. Idan aka narkar da ita da danshi a jikinta, ruwan yakan datse sarƙoƙin, su gajarce, gorar da aka busa ta fito ba ƙwari. A narkakkiyar roba abin ya fi tsanani, domin dogayen sarƙoƙi suna sarƙe da juna: kauri yana bin nauyi da ƙarfin 3.4, wato nauyi ya ragu da rabi, kauri ya faɗi kusan sau goma. Shanya a rana ba ta wadatar ba. Sai an busar da niƙaƙƙen a na'ura mai busasshiyar iska, zafin digiri 160 zuwa 180, na wasu sa'o'i, kuma a tsince duk wani guntun robar PVC, don yana sakin asid idan ya ji wuta.

Lambar da aka samu ita ce ainihin nauyin?

Matsakaici ne, domin a cikin kowane samfuri akwai dogaye da gajeru, kuma dogayen sun fi rinjaye a kan kauri. Samfura biyu za su iya ba da lamba ɗaya alhali rabon tsawonsu ya bambanta. Wanda yake son ganin rabon sai ya koma ga na'urar GPC, wadda take ware sarƙoƙi bisa girmansu.