Ƙugiyar ɗaurin ƙwaro

Ƙugiyar ɗaurin ƙwaro nau'in ƙugiyar fatsa ce da ake naɗa wa zare da gashin tsuntsu har ta yi kama da ƙwaro ko ɗan kifi, a jefa ta a ruwa ba tare da an maƙala mata tana ko wani koto ba. Da yake a jikinta ake gina koton, dole ne ta zama marar nauyi kuma mai ƙarfi a lokaci guda, abin da ba a cika damuwa da shi ba a ƙugiyar mamari.

Garin Redditch na Ingila ya daɗe da suna wajen ƙera allura da ƙugiya, kuma daga can kamfanin ƙugiya na Partridge ya fito. A Norway, kamfanin Mustad na garin Gjøvik ya fara ƙera ƙugiya da inji a 1877, har kayansa suka bazu a kasuwannin duniya. Daga baya kamfanonin Japan irin su Gamakatsu, wanda aka kafa a 1955, da Tiemco da Daiichi suka yi fice da ƙugiyoyin da ake ƙarasa wasa tsininsu da sinadari.

Lambar ƙugiya tana tafiya ne a juye: mai lamba 18 ta fi mai lamba 8 ƙanƙanta nesa ba kusa ba. Daga lamba 1 sai lissafin ya koma 1/0, 2/0, 3/0, yana hawa tare da girma. Alamar X a jikin kwali tana nuna tsawon sandar ƙugiya ko kaurin wayarta idan aka gwada da na yau da kullum. Sai dai kamfanoni ba su da ma'auni ɗaya, don haka lamba 10 ta wani tana iya kusan kai 8 ta wani.

Inda inganci yake a zahiri shi ne horon ƙarfe. Yawancin ƙugiyoyi da wayar ƙarfe mai yawan kabon ake yin su. Bayan an lanƙwasa, a gasa, a tsoma ta huce nan take, sannan a sake ɗumama ta kaɗan don rage mata tsauri. Idan ɗumin na biyu ya gaza, ƙugiya takan tsinke, galibi a gindin kunne, wato ɗan ƙayar da ke bayan tsini, inda aka tsaga wayar. Idan kuma ya yi yawa, sai ta yi laushi ta miƙe a bakin babban kifi. Masu ɗauri kan gwada kafin su ɓata zare: su danne lanƙwasar a abin matse ƙugiya, su ɗan ja idon, wato zoben da ake zura igiya, da yatsa su saki. Mai kyau za ta koma yadda take da ɗan ƙara, marar kyau ta tsaya a karkace. Tsini kuma a farce ake duba shi. In ya kama maimakon ya zame, ya yi. Akwai aibin da mutane ke mantawa da shi, wato idon da bai rufe sarai ba, wanda bakinsa kan ci igiya a hankali har ta tsinke.

A Legas gishiri ne alƙali. Ruwan tafkin Legas gauraye yake da na teku, ga laimar iska kusan duk shekara. Ƙugiya mai fentin ruwan tagulla, wadda aka yi domin ƙoramun ruwan daɗi na ƙasashen sanyi, ba ta jimawa a nan take tsatsa, kuma tsatsar a ƙarƙashin zare take farawa, inda ido ba ya gani sai gashin ya yi jajaja. Mai rufin nikel ko kuza ta fi ta juriya, matuƙar rufin bai karce ba. Wadda ta fi daɗewa ita ce ta ƙarfen da ba ya saurin tsatsa, mai sinadarin kuromiyam. Ita ma tana da nata: tsininta ya fi saurin dakushewa, sai ana bin sa da ƙaramin magagari, kuma idan igiya ta tsinke takan daɗe a bakin kifi ba ta ruɓe ba, shi ya sa wasu masu sakin kifi bayan sun kama shi ba sa son ta.

Wannan salon kamun bai yaɗu a Legas ba. Masuntan Epe da Makoko da Badagry taru da ƙugiya mai koto suka fi amfani da su, haka ma masuntan Arewa da ci-rani ke kawowa gaɓar teku, waɗanda suka saba da tarwaɗa da giwan ruwa. A Afirka, Kenya ce ta yi suna wajen ɗaure irin wannan koto da hannu ana fitar da shi Turai da Amurka. Duk da haka ma'aunin ɗaya ne ga mai sayen ƙugiyar fatsa a kasuwa, musamman da yake akan zuba marasa suna a kwalin da ya yi kama da na sanannen kamfani. Araha a nan ba riba ba ce, domin aikin ɗaurin ya fi ƙugiyar tsada, kuma tare suke lalacewa. Wanda ya yi kamun kifi a ruwan gishiri yakan wanke ƙugiyoyinsa da ruwan famfo, ya shanya su su bushe ƙayau kafin ya mayar da su gwangwani, ya kuma ware duk wadda ta fara tsatsa daga sauran.