Waƙoƙin mawaƙa masu cin gashin kansu a Katsina da Daura

Mawaƙi mai cin gashin kansa shi ne wanda yake tsara waƙarsa, ya biya kuɗin situdiyo daga aljihunsa, sannan ya nema mata masu saurare da kansa, ba kamfanin waƙa ko mai shirya fim ko wani babban ubangida a bayansa. A ƙasar Katsina da Daura an fi kiran irinsu da mawaƙa masu tasowa, ko da mutum ya shekara goma yana abin. A cikinsu akwai masu waƙar soyayya da kiɗan fiyano, da sha'irai masu bege, da matasa masu gambarar zamani, da masu waƙar amarya da ango, da kuma makaɗan gurmi da kukuma da kalangu na ƙauyuka waɗanda ba su taɓa taka ƙofar gidan rediyo ba. Salonsu ya sha bamban, amma hanyar da waƙarsu ke bi ɗaya ce: daga hannu zuwa hannu, daga waya zuwa waya.

Asali

A da can makaɗi yana da gurbi sananne. Akwai makaɗan fada, akwai na sana'a kamar na manoma da mahauta da maƙera da 'yan dambe, akwai kuma makaɗan jama'a masu bin buki da kasuwa. Wanda ba shi da fada, ƙafarsa ce ke yaɗa waƙarsa. Inda ya je ya yi wasa, nan aka san shi.

Mamman Shata, wanda aka haifa a Musawa a 1923, ya rasu a 1999 aka binne shi a Daura, ta wannan hanya ya fara, yana yawon kasuwanni da dandali tun kafin rediyo da faifai su kai muryarsa ko'ina. Barmani Choge ta Funtuwa, wadda ta rasu a 2013, ta fito da kiɗan ƙwarya daga cikin gidajen buki na mata har ya zama abin saurare ga kowa. Kiɗan asharalle da aka san Katsina da shi, shi ma a filin buki ya girma. Da rikoda mai cin kaset ta yawaita a shekarun 1970 da 1980, sai mai sauraro ya zama mai yaɗawa: ya ajiye rikodarsa gaban makaɗi ya naɗa, abokinsa ya ara ya kwafa, direban mota ya tafi da ita wani gari. Wannan ɗabi'a ta ara da kwafa ita ce ta koma cikin waya daga baya.

Daga ƙarshen shekarun 1990 kasuwar fim ta Kano ta zama babbar ƙofa. Waƙar da ta shiga fim, dillalan Ƙofar Wambai suka rarraba ta, ta kai Maraɗi da Damagaram cikin 'yan kwanaki. Wadda ba ta samu shiga ba kuwa sai ta nemi wata hanyar.

Yadda ake yin waƙar

Situdiyon mai tasowa sau da yawa shago ɗaya ne: kwamfuta, fiyano, makirfo, da wani lungu da aka liƙe da soso don kada ƙarar titi ta shiga. Mawaƙi ya zo da baitukansa a takarda ko a waya, ya rera wa mai kiɗa karin, shi kuma ya laluba a fiyano har su daidaita. Sai a ɗora murya, a kira 'yar amshi, a tace. Idan akwai wuta, ko an haɗa kuɗin man janareto, waƙa kan kammala a yini guda. Waƙar minti biyar ba ta cika wuce megabayit biyar ba, don haka memori mai gigabayit biyu zai ɗauki wajen ɗari huɗu. Wannan ƙanƙantar ita ta sa abin ya yi sauƙin yawo.

Rumfar masu turi

Wayar salula ta GSM ta shigo Najeriya a 2001, amma sai da ƙananan wayoyi masu cin memori suka yi arha aka samu sabuwar sana'a, ta masu tura waƙa, waɗanda ake kira 'yan dawunlodin. Ana samun su a bakin kasuwa da tashar mota, a birnin Katsina da Daura da Funtuwa da Malumfashi, da kuma kasuwannin mako irin na Mai'aduwa da Jibiya da Caranci.

Rumfar ba ta da wani ƙawa. Tebur ne da benci, da allon caji mai ramuka da yawa, wayoyi jere kowace da 'yar lambarta a jiki, da kwamfuta ɗaya wadda ƙura ta cinye haruffan madanninta, da sifika tana ta amo. Manomi ya sayar da buhun gero, kafin ya hau mota sai ya ratso, ya buɗe bayan wayarsa, ya zaro memorin da bai kai farce ba ya miƙa. "Malam, a zuba mani sababbi." Mai rumfa ya tambaya, "Na bege ko na soyayya, Alhaji? Ko kiɗin gargajiya?" Sai ya cika masa da waɗanda aka sani, a ƙarshe ya ƙara biyu ko uku ya ce, "Ga ta wani yaro nan ɗan garinmu, ka ji ta, in ba ta yi ba ka goge."

A wannan ƙarin na ƙarshe ne rayuwar mai tasowa take. Mai rumfa shi ne rediyonsa, shi ne dillalinsa. Shi ya sa mawaƙi kan kai waƙarsa da ƙafarsa rumfa-rumfa, kyauta, wani lokacin har ya ɗora ɗan abin shan ruwa don a riƙa saka ta a sifika ranar kasuwa. Mai rumfar da ke da kunne yana gane waƙar da za ta tashi tun daga yadda masu jiran caji ke yin shiru idan ta fara. Aikin nan na zaɓe da tacewa ya cancanci a ɗauke shi da daraja, domin waƙoƙi da dama da suka game gari daga bisani a irin wannan benci aka fara jin su.

Daga nan sai majalisa ta karɓa. Matasa a teburin mai shayi suna tura wa juna ta Bluetooth ko Xender, direban kurkura yana kaɗa ta tun daga Ƙofar Ƙaura har Ƙofar Guga, mai kiɗan buki ya gwada ta a wurin kamu ya ga ko 'yan mata za su tashi. Ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'aduwa da na kwalejin Hassan Usman Katsina kan tafi hutu da waƙoƙin da suka samu a ɗakin kwana, su dawo da na garuruwansu. Matan aure da ke cikin gida su ma suna da tasu hanyar, ta ƙanne da 'yan aike da taron suna.

Turi irin wannan ba ya buƙatar layin waya ko data. A watan Satumban 2021, da aka katse layukan sadarwa a ƙananan hukumomi 13 na jihar saboda matsalar 'yan bindiga, ciki har da Jibiya da Batsari da Ƙanƙara da Faskari, intanet ta ɗauke har zuwa Disamba, amma abin da ke kan memori bai daina wucewa daga wannan waya zuwa waccan ba.

Tsallaken iyaka

Waƙa ba ta tsayawa a Jibiya ko Kwangwalam. Harshe ɗaya ne, dangi ɗaya ne, fatake da direbobi na kai da komo tsakanin Katsina da Maraɗi, da tsakanin Daura da Damagaram. Misalin da duniya ta fi sani na wannan yawo shi ne na Mdou Moctar, makaɗin gita Buzu daga Nijar, wanda ya naɗi waƙoƙinsa na farko a Sakkwato a 2008, suka bazu cikin Sahara ta wayoyi. A 2011 wani ƙaramin kamfanin Amurka, Sahel Sounds, ya fitar da faifan waƙoƙin da aka tattaro daga memorin mutane a arewacin Mali, har da tasa a ciki. Sai da aka sha wahalar neman masu waƙoƙin, domin da yawa sun iso ba suna a jikinsu.

Intanet

WhatsApp ya mayar da majalisa cikin waya: a tura waƙa zaure, a ɗora guntunta a sitatus. Audiomack na barin mawaƙi ya ɗora waƙarsa kyauta, shi ya sa masu tasowa suka rungume shi. Boomplay ya fara a 2015 yana zuwa a cikin wayoyin Tecno, Spotify kuwa sai a 2021 ya buɗe a Najeriya. TikTok ya sauya ma yadda ake tsara waƙar kanta, don yanzu amshi na daƙiƙa ashirin da mutane za su hau ya fi baiti goma tasiri, kuma wasu na ganin hakan na rage wa waƙar Hausa dogon numfashin da aka san ta da shi.

Suna da kuɗi

Fayil na sauya suna a hanya. Wani ya goge sunan mawaƙi ya sa na budurwarsa, wani ya rubuta sunan fitaccen mawaƙi don ta fi karɓuwa. Maganin da mawaƙa suka samo tsoho ne, irin na makaɗan da: su ambaci kansu a cikin waƙar. Za ka ji ya faɗi sunansa da na unguwarsu, ya gai da mai kiɗa da 'yar amshi, situdiyo ta sa tambarin muryarta a farko, wani har lambar wayarsa yake karantawa a ƙarshe. Abin da ke cikin murya ba mai iya goge shi.

Kuɗi kuwa ba daga sauraro yake fitowa ba. Mai turi na karɓar ladan aikinsa, mawaƙi ba ya ganin ko sisi. YouTube ba ya raba kuɗin talla sai tasha ta kai mabiya 1,000 da awa 4,000 na kallo a shekara, ko kallo miliyan 10 na gajerun bidiyo a kwana 90, Spotify kuma tun 2024 ba ya biyan waƙar da ba ta kai sauraro 1,000 a wata goma sha biyu ba. Don haka waƙar da ta yaɗu talla ce kawai. Ribarta ita ce a kira mutum ya yi wa amarya waƙa, ko a gayyace shi buki ko maulidi a yi masa liƙi, ko ɗan takara ya neme shi lokacin zaɓe. Dauda Kahutu Rarara, ɗan ƙaramar hukumar Danja, ya nuna irin nisan da waƙar siyasa ke kai mutum, sai dai wanda ya shiga nan ya samu ubangida, ya fita daga sahun masu cin gashin kansu. Dokar haƙƙin mallaka ta 2022, wadda aka sa wa hannu a Maris 2023, ta kare waƙa tun daga ranar da aka naɗe ta ba sai an yi rajista ba, amma yaron da ya ci bashin kuɗin situdiyo ba shi da halin ɗaukar lauya idan wani ya ɗauke masa kari.

Akwai kuma nauyin gida. Iyaye da yawa na kallon waƙa a matsayin roƙo, abin da bai dace da ɗan gidan mutunci ba, kuma abin ya fi tsanani ga mata. 'Yan amshi da dama muryarsu ta zaga ƙasar Hausa alhali maƙwabtansu ba su san su ne ba.

Adanawa

Babbar asarar ita ce ta ɓacewa. Kaset ya kan yi shekara talatin a cikin akwati, memori kuwa rana ɗaya yake lalacewa, ko a share shi don a samu wurin sababbi. Kwamfutar situdiyo ta mutu, shagon ya koma wurin ɗinki, shi ke nan waƙoƙin shekara biyar sun tafi. Waɗanda abin ya fi shafa su ne makaɗan ƙauye, masu gurmi da kukuma da waƙar noma, waɗanda sau ɗaya wani ya ɗauke su da waya a wurin buki. Mafi yawan abin da ya rage na irin waɗannan yana cikin tsofaffin kwamfutocin masu turi, a wata ma'ajiya da aka rubuta wa "gargajiya" ko "tsofaffi", wadda ake buɗewa idan dattijo ya zo rumfa ya tambaya.