Tsohuwar Kwamfuta da Linux Mara Nauyi: Tambayoyi da Amsoshi

Me ya sa za a sa wa tsohuwar kwamfuta Linux, ba a bar ta da Windows ɗin da ke kanta ba?

Saboda an daina kula da tsoffin Windows. Microsoft ta janye tallafin Windows XP a Afrilun 2014, na Windows 7 a Janairun 2020, don haka yawancin ɓarakar tsaro da aka gano bayan nan babu mai toshe ta. Windows 11 kuwa tana neman aƙalla RAM na 4GB da guntun tsaro na TPM 2.0, kuma netbook, wato ƙaramar laptop mai araha ta da, ba ta da ko ɗaya. Linux manhaja ce da lambobinta suke a buɗe, kowa na iya dubawa ya gyara ya raba kyauta. Wannan ne ya ba wasu damar rage mata kaya har ta iya tashi a kan na'ura mai rauni. Ai Asus Eee PC ta farko, wadda ta fito a 2007 ta buɗe kasuwar netbook, da Linux aka sayar da ita.

Mene ne zan fara dubawa kafin in sauke komai?

Firosesa, wato ƙwaƙwalwar kwamfutar. Nan ne mutane suka fi ɓata lokaci da data. Netbook da yawa na 2008 da 2009 suna ɗauke da Intel Atom N270, wanda 32-bit ne kawai, ba zai taɓa karɓar manhajar 64-bit ba. Wadda ke da Atom N450 na 2010 tana iya ɗaukar 64-bit. Bambancin yana da girma yanzu, domin masu goyon bayan 32-bit sai raguwa suke yi. Linux iri-iri ce: Ubuntu da danginta sun daina fitar da shi tuntuni. Debian 12 tana da shi, amma Debian 13 da ta fito a 2025 ba ta kawo hanyar girka shi ba. Bayan firosesa sai ka duba RAM. Yawancin netbook da 1GB suka zo, kuma iyakarsu 2GB. In akwai halin ƙara shi, a ƙara kafin a taɓa manhaja, don babu gyaran da zai fi wannan tasiri.

To wacce Linux ce ta dace?

In na'urar 32-bit ce, antiX na fi ba da shawara: an gina ta a kan Debian, kuma tana tashi ko da RAM ɗin bai kai 512MB ba. Puppy Linux ita ma tana da kyau, tana loda kanta gaba ɗaya cikin RAM, shi ya sa take sauri ko da rumbun ajiyar ya tsufa, sai dai tsarinta yana rikita sabon shiga. In 64-bit ce kuma RAM ya kai 2GB, Lubuntu ko Linux Mint mai fuskar Xfce sun fi sauƙin sabawa ga wanda ya taso da Windows.

Yaya ake girka ta?

A kwashe hotuna da takardu zuwa wani wuri tukuna. A sauke fayil ɗin ISO, wato fayil ɗin da ke ɗauke da Linux ɗin gaba ɗaya, daga shafin masu manhajar kansu, a rubuta shi a filash da Rufus ko balenaEtcher. Netbook ba ta da wurin sa faifan CD, don haka filash ne hanya. Lokacin kunnawa a danna Esc, F2 ko F12, ya danganta da kamfanin, a zaɓi filash ɗin. Kada a yi gaggawar danna maɓallin girkawa. Linux tana aiki daga filash ba tare da ta taɓa abin da ke cikin kwamfutar ba, a nan ne za a gwada Wi-Fi, sauti, kibod da hasken allo. Katin Wi-Fi na Broadcom yakan buƙaci direba ta daban, wato manhajar da ke sa shi aiki, don haka yana da kyau a tanadi kebul ɗin intanet. Allon netbook kuma gajere ne, 1024 da 600, wani lokaci maɓallan ƙasa su ɓuya. A yawancin fuskokin Linux riƙe Alt tare da jan tagar da linzami yana fito da su.

Bayan haka za ta yi sauri kamar sabuwa?

A'a. Za ta tashi da wuri, rubutu da lissafi da AbiWord, Gnumeric ko LibreOffice za su tafi lafiya, haka karanta PDF, sauraron sauti da koyon rubuta manhaja. Inda take gajiya shi ne burauza. Shafukan intanet na yau an gina su ne don na'urori masu ƙarfi, shafi biyu ko uku sun isa su cinye 1GB, kuma bidiyo mai inganci yana sa Atom haki. Google ta daina fitar da Chrome na Linux 32-bit tun 2016. A rage yawan shafukan da ake buɗewa lokaci guda, a sa mai toshe talla irin uBlock Origin, a kunna zram wanda ke matse bayanai a cikin RAM, kuma in na'urar tana karɓar SSD (rumbun ajiya mai sauri) mai inci 2.5, a cire tsohon rumbun a sa shi.